Shimfiɗar fuska ba ta biyan kuɗin ɗakin da babu wuta

Da zarar Sallah ta gabato, ko aka tsayar da ranar wani babban biki, motocin da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram sukan fara sauke 'yan gida a Tasawa. Wasu daga Yamai, wasu daga Kano da Legas, wasu kuma daga Abijan, Kumasi, Libiya ko Aljeriya. Daga nan kowa ya nemi babur ko ƙaramar mota zuwa garinsu, walau Baudeta, walau ƙauyukan da ke ɓangaren Mayahi. Ba duka ne ke kwana a gidan iyaye ba. Wanda ya zo da mata da yara uku da aka haifa a birni, ya tarar 'yan biki sun cika kowane ɗaki har da zaure, dole ya nemi wurin ajiye iyalinsa a Tasawa ko Maraɗi, ya riƙa zuwa gida da safe yana komawa da dare.

A nan ne ake cutar mutane, kuma cutar iri ɗaya ce kusan kullum. Tun kana can za a turo maka hotuna ta WhatsApp: gado mai farin zani, na'urar sanyaya ɗaki, makewayi mai tayil. A ce ka yi sauri domin ɗakuna na ƙarewa. Ka je Nita ko Amana ka aika kuɗin kwana biyar gaba ɗaya. Ranar da ka iso, a buɗe maka wani ɗaki daban. Na'urar tana nan a bango amma ba ta motsi, famfo ba ya kawo ruwa, bokiti ɗaya aka ajiye wa mutum biyar, gidan sauro kuwa ya yage. Ka tambayi yaron da ke tsaron wurin, ya ce maigidan ya yi tafiya, amma a yi haƙuri.

Kuma haƙurin ake yi, domin wanda ya kama ɗaki a garin da ke kusa da mahaifarsa yana ɗauke da kunya tun kafin ya shiga. Ya san ana cewa wane ya yi kuɗi ya fi ƙarfin tabarmar gidan ubansa. Ya kuma san irin kallon da ake yi wa otal a garuruwanmu, inda har yanzu wasu ke ɗaukar duk mai shiga a matsayin mai neman ɓata. Mutumin da bai so a san inda ya kwana ba, ina zai tsaya a bakin ƙofa yana jayayya a kan jikka goma? Sai ya haɗiye, ya kwana yana yi wa yara fifita, ya koma inda ya fito yana cewa ba zai ƙara kawo iyali gida ba. Mai masaukin bai rasa komai ba. Kakar yaran ce ba za ta sake ganinsu ba sai bayan shekaru.

Mun gaji karin magana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gaskiya ce a gidan goggo, inda ba a karɓi ko dala daga hannunka ba. Idan ta ba ka ɗakin da ke yoyo, abin da take da shi ke nan, godiya ce taka. Amma wurin da aka yanka farashi aka karɓi kuɗi, ciniki ne, kamar na buhun gero a kasuwa. Babu wanda zai biya kuɗin tiya arba'in a ba shi talatin ya ce ai mai hatsin yana da fara'a.

Abin takaicin shi ne Bahaushe ba baƙo ba ne a sana'ar saukar da baƙi. Tasawa kanta zango ce ta ayari tun kafin Turawa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a garin cikin watan Janairun 1851, tare da ayarin da ya gangaro daga Abzin ya zo, kuma daga nan ya wuce Gazawa, Katsina da Kano. A kudu kuwa, daga Salaga da Kumasi zuwa unguwar Sabo ta Ibadan, fataken goro da na shanu sun daɗe suna sauka a hannun maigida. Masanin nan Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari a littafin da ya fitar a 1969 kan Hausawan Sabo: maigida ne ke ba baƙo makwanci, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan aka ci bashi. Jarinsa sunansa ne. Idan ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa Arewa, fatake su sauya masauki. Ba alheri kaɗai ya tsare wannan tsari ba, tsoron zubewar suna ya tsare shi. Yau an bar mu da lambar waya da hoton da ba a san ɗakin wane ne ba, kuma mun cire wa mai masauki wannan tsoro da shirun da muke yi.

A yi wa masu masaukai adalci a kan abu ɗaya: wuta ba a hannunsu take ba. Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogara da layin lantarkin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya tuna abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar a watan Agusta ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Ko a yanzu ɗaukewar wuta ba labari ba ce, kuma a 'yan shekarun nan Sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin Maris da Yuni, daidai lokacin da zafi ke haura maki 40. Kunna janareta dare guda kuɗi ne mai yawa. Duk wannan an yarda. To amma wanda ya san ba shi da janareta, ko yana da shi ba zai kunna ba, me ya sa yake karɓar kuɗin ɗaki mai sanyi? Ya faɗi gaskiya tun a waya, ya rage farashi, baƙo ya zaɓa da idonsa a buɗe. Rashin wuta uzuri ne, sayar da abin da babu kuwa ha'inci ne.

'Yan uwanmu da ke Faransa ko Amurka sun saba da wani tsari daban. A Airbnb, misali, kamfanin ne ke riƙe kuɗin, ba ya sakar wa mai gida sai bayan kusan kwana guda da shigar baƙo, kuma baƙon yana da awa 72 ya kai ƙara idan abin da ya tarar ya saɓa da abin da aka nuna masa. A nan babu mai riƙe kuɗi a tsakani. Minti kaɗan bayan ka aika, an karɓe su a kanti, kuma kamfanin aika kuɗi ya gama aikinsa. Saboda haka kariyar da ta rage maka ita ce kada kuɗin su bar hannunka gaba ɗaya. Kafin alƙalami na kwana ɗaya ya isa. Mai masaukin da ya dage sai an biya duka kafin a ga ɗaki ya riga ya gaya maka irin ɗakin. Kuma kusan kowa yana da ƙane ko abokin makaranta a Tasawa: a tura shi ya shiga ɗakin, ya murɗa famfo, ya kunna fanka, ya ɗauko bidiyo da lambar ƙofar a ciki. Kuɗin man babur ɗinsa bai kai na kwana ɗaya ba.

Idan kuma an riga an iso an tarar da ba haka ba, lokacin magana shi ne kafin a kwance kaya. Wanda ya kwana ya wayi gari sannan ya ce ɗaki bai yi ba, za a ce masa ai ka kwana. A kira maigidan kansa, a bar yaron da aka ajiye a ƙofa, wanda shi ma albashinsa bai taka kara ya karya ba kuma ba shi da ikon maido ko dala. A nuna saƙon da aka yi alkawari a ciki, a nemi ɗaya cikin uku: wani ɗaki, ragi, ko sauran kuɗi. A karɓi rasit ko da a takardar littafin makaranta aka rubuta. In abin ya ƙi, ga mai unguwa, ga ofishin 'yan sanda, kuma sau da yawa jin cewa za a je can ma yana isa. Babu buƙatar ɗaga murya. Mai shaida a waya ba ya buƙatar ashar.

Maganar ashar ta kawo mu ga gargaɗin da ya kamata matasa su ji da kyau. Hanya mafi sauƙi a yau ita ce a hau Facebook ko TikTok a kira sunan wuri a zazzage masa. A Nijar wannan na iya kai mutum gidan kaso. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka cire wa hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2022, an sake gyara ta a watan Yunin 2024 aka maido da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5, kan ɓata suna ko zagi ta hanyar sadarwar zamani. Wanda aka cuce shi jikka ashirin bai kamata ya ƙare a gaban alƙali a matsayin wanda ake tuhuma ba. Ka faɗi abin da ka biya, abin da aka yi maka alkawari, da abin da ka tarar, ka tsaya nan. Kalmar ɓarawo ko macuci ka bar wa mai karatu ya furta a ransa.

Wurin da wannan bayani zai fi amfani ma ba dandalin duniya ba ne. Kusan kowane gari a gundumomin Tasawa da Mayahi yana da zauren WhatsApp na 'ya'yansa da ke waje, inda ake tara kuɗin gyaran rijiya, rufin aji ko jinyar wani. Waɗannan zauruka za su iya ajiye sunayen masaukan da aka gwada aka ji daɗinsu, da farashinsu, da ko suna kunna janareta har asuba. A fara da yabon na kirki, domin akwai su, kuma su ma gurɓatattun suna ɓata musu kasuwa. Wanda sunansa bai shiga ba zai tambayi dalili da kansa kafin Sallah ta gaba.

Hukumomin garuruwan ma akwai ɗan abin da za su iya yi ba tare da kashe ko sisi ba. Tunda suna karɓar haraji daga waɗannan wurare, su wajabta wa kowane masauki ya liƙa takarda a bakin ƙofa: kuɗin ɗaki mai fanka, kuɗin ɗaki mai na'urar sanyi, awannin da janareta ke aiki, da lambar wayar maigidan.