Mene Ne Laifin Yaro Mai Wutsiya?

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a bakin 'yan bokonmu: wai katun ɗin Japan da yara ke kallo a wayar salula shi ne ya koya musu faɗa da rashin kunya. Idan aka nemi misali, sai a nuna Goku, yaron nan na Dragon Ball mai tsayayyen gashi. Fim ɗin kuwa ya daɗe da wuce gidajen masu hali na cikin birni. Duk garin da ke da shagon tura finafinai zai iya isa, har Kura da Bunkure, inda yaro kan dawo daga korar tsuntsaye a gonar shinkafa ya raɓa jikin mai waya. Ra'ayina shi ne masu ƙorafin siffar yaron kawai suka gani suka yanke hukunci, ba su tsaya sun karanci halinsa ba.

Akira Toriyama, wanda ya rasu a 2024, ya fara zana labarin a mujallar Shonen Jump a 1984, aka mayar da shi fim ɗin talabijin a 1986. Goku gajeren yaro ne, gashinsa baƙi ya miƙe kamar ƙaya, yana da wutsiya irin ta biri, idan kuma ya kalli cikakken wata sai ya rikiɗe ya zama ƙaton biri mai ɓarna. Toriyama ya aro wannan siffa daga Sun Wukong, birin wani tsohon labarin Sin na ƙarni na 16. Daga baya ne labarin ya bayyana cewa yaron ɗan wata al'ummar mayaƙa ce daga wata duniya, ana kiransu Saiya, kuma an turo shi yana jariri don ya hallaka mutane.

Abin da ya zama bayan haka shi ne masu sukar ba sa faɗa. Wani tsoho ne ya tsince shi a daji ya raine shi. Da fari jariri ne mai tsananin fitina, sai ya faɗa kwazazzabo ya bugu a ka, zafin ya kwanta, tarbiyyar tsohon ta samu wurin zama. Ya tashi bai iya munafunci ba, bai damu da kuɗi ba, ga cin abinci kamar gara. An ba shi wani gajimare da ba ya ɗaukar kowa sai mai tsarkin zuciya: ya ɗauki yaron, ya kayar da malamin da ya ba shi. Horon da malamin ya yi masa ya haɗa da rarraba madara da sassafe, da kaftun gona da hannu, da zaman karatu. Abokan gabansa da dama, irin su Piccolo da Vegeta, sun koma abokan tafiyarsa saboda ya ƙi kashe su bayan ya yi galaba. Wane uba ne a Bunkure zai ƙi ɗansa ya tashi da juriyar aiki da yafiya?

Ba na cewa fim ɗin ba shi da aibi. Malamin nan tsohon banza ne a sha'anin mata, kuma akwai wuraren da bai kamata ƙaramin yaro ya gani ba. Goku kansa da ya girma ya fi son dambe da zaman gida. Maganin wannan shi ne babba ya zauna ya kalla tare da yaro, ya tsallake abin tsallakewa, ya yi bayanin sauran. Wanda bai taɓa kallon kashi ɗaya ba, ta ina zai san abin da zai hana?

Kuma kafin mu ɗaga murya, mu tuna Ɗan Auta na tatsuniya, wanda ya cinna wa abincin gidansu wuta, ya jawo wa yayarsa masifa iri-iri, sannan a ƙarshe ya kashe Dodo gari ya huta. Kakanninmu sun ba mu labarinsa da dare, ba wanda ya ce sun lalata mu. Baƙo daga sama ma ba sabo ba ne a adabinmu: tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaron ƙasar Hausa aka zagaya da shi sararin samaniya.

Abin da ya kamata ya dame mu yana cikin sunayen mayaƙan. Saiya juyin kalmar Japananci ce mai nufin kayan lambu. Sunan Goku na asali, Kakarot, daga karas aka samo shi. Nappa wani nau'in kabeji ne. Sunan ɗansa, Gohan, na nufin dafaffiyar shinkafa. Wato mutum ya zauna a Japan ya ɗauki abin da ke cikin kwandon cefane ya gina jarumai da duniya ta haddace sunayensu. Mu kuwa tun da aka gina madatsar Tiga zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, ana noma shinkafa da tumatir da albasa rani da damina. Yaron da ke dashe cikin taɓo, yana ɗora kwandon tumatir a Kwanar Gafan, wane jarumi muka zana masa mai kama da shi?

Mun ƙware wajen hani. A 2007 har littattafan Hausa aka ƙona a Kano da sunan gyaran tarbiyya, yara kuma ba su daina neman labari ba, sai dai suka neme shi a wani wuri. Muna da marubuta, muna da matasa masu zane a kwamfuta, muna da masu fassara finafinan Indiya da suka nuna cewa akwai kasuwa. Abin da babu shi ne mai kuɗi ko hukumar da za ta ɗauki nauyin mai zane na shekara guda ya fitar da labari. Likita da lauya da ma'aikacin banki da ke kukan katun ya sace masa ɗa, shi ne mai halin yin wannan. In ya ƙi, to ya bar yaron Kura da Gokunsa, domin yaro ba ya kwana babu tatsuniya.