Tazargade da Ƙwayar Zazzaɓi: Abin da Ke Tsakaninsu

Kowace damina, idan layi ya yi tsawo a tagar ba da magani, ba na rasa wanda zai miƙo mini takardar likita da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana riƙe da ƙullin tazargade a leda. Kwanakin baya wani dattijo da ya kawo jikarsa ya dube ni ya ce, "Ɗana, ashe ba daga irin wannan ganyen kuke yin ƙwayar taku ba? To don me zan sayi abin da yake tsirowa kyauta?" Na ce masa, "Baba, rabin maganarka gaskiya ce." Jama'a na jira a bayansa, ban samu damar ƙarasa masa ɗaya rabin ba. Kai mai karatu, bari in ƙarasa maka shi a nan.

Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa a yau asalinsa ganye ne, wani tsiro na ƙasar Sin da suke kira qinghao, ɗan'uwan tazargaden da muka sani. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri don neman sabon magani, saboda zazzaɓin ya daina jin kulorokwin, yana ta kayar da sojoji a yaƙin Biyetnam. A 1969 aka ɗora wa wata mai binciken magunguna, Tu Youyou, jagorancin wani rukuni. Ita da abokan aikinta suka tattaro haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000 daga tsofaffin littattafai da bakin masu magani.

Ka lura da wannan adadi. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wanda ya taɓa rantsuwa cewa ya sha ya warke. Da aka gwada ɗaruruwan abubuwan da aka tatso a kan ɓerayen da aka sa wa cutar, kusan duka suka faɗi. Shi kansa qinghao yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Tu ta koma wani littafi na likita Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu, ta ga ya ce a jiƙa ganyen a matse ruwansa, bai ambaci dafawa ba. Sai ta yi zargin cewa zafin wuta ne yake lalata sinadarin. Ba ta tsaya a zargi ba, ta gwada shi: ta tatsi ganyen da wani sinadari mai suna eta, wanda yake tafasa a wajen digiri 35 kacal. A watan Oktoba na 1971 samfuri mai lamba 191 ya share ƙwayoyin cutar gaba ɗaya daga jinin ɓeraye, daga baya kuma birai. A 1972 ita da abokan aikinta biyu suka fara sha da kansu kafin a ba majinyata. Sinadarin shi ne atemisinin, kuma saboda shi aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Abin da ake kira hanyar binciken kimiyya ke nan: a lura, a yi zato, a gwada zaton ta yadda zai iya faɗuwa, a kwatanta da wanda ba a ba komai ba, a sake maimaitawa. Kwatancen nan shi ne abin da shaidar maƙwabcinka ba ta da shi. Zazzaɓi da yawa ba na sauro ba ne, mura ce ko wata ƙwayar cuta da jiki yake kora da kansa cikin 'yan kwanaki. Wanda ya sha jiƙo ranar Talata ya miƙe ranar Alhamis ba ƙarya yake yi ba, amma bai san abin da zai faru da bai sha ba. Waɗanda suka sha ba su tashi ba kuwa, ba a jin shaidarsu a majalisa.

Yadda maganin yake aiki a jiki yana ba ni sha'awa har yau. Ƙwayar cutar tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta riƙa cin himogulobin, wato sinadarin da yake ɗaukar iskar oksijin. Garin cin nan sai ta saki wani ɓangare mai ɗauke da ƙarfe. Shi kuma atemisinin yana da ƙwayoyin zarra biyu na oksijin da suke haɗe kamar gada. Da ƙarfen ya taɓa gadar sai ta karye, ta saki ɓarɓashi mai ƙuna da yake lalata cutar daga ciki. Cutar da cinta take kunna wutar da za ta cinye ta.

Sai dai yana da rauni: cikin 'yan sa'o'i jiki yake fitar da shi. Yana kashe mafi yawa da sauri, ya bar ragowa. Shi ya sa ake haɗa shi da wani maganin mai daɗewa a jini, kamar lumefantirin, ya bi bayansa ya share. Shi ya sa kuma ake sha sau shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, sannan safe da dare. Lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo, don haka a sha shi da madara ko bayan abinci mai mai. Mutane da yawa ba a taɓa gaya musu wannan ba, kuma laifin namu ne masu ba da magani.

Yanzu ka auna jiƙon ganye da wannan ma'auni. Yawan sinadarin a ganye yana bambanta da irin tsiron, da ƙasar da ya fito, da lokacin girbi, da yadda aka adana shi. Ba ya narkewa sosai a ruwa. Babu abokin da zai share ragowa. Ko ka dace da ganye mai kyau, abin da za ka samu shi ne awon da zai sauke zazzaɓin ya bar ƙwayoyin cuta mafi taurin kai su hayayyafa. Ta irin wannan hanya cuta take koyon bijire wa magani. Mun riga mun rasa kulorokwin, har Najeriya ta sauya zuwa wannan haɗin a 2005. An kuma tabbatar da alamun bijire wa atemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan shan ganyen ko shayinsa don magani ko rigakafi, kuma ina tare da ita.

Ba na raina maganin gargajiya. Yaya zan raina shi alhali mafi kyawun abin da ke kan kantata daga can ya fito? Ina ma a ce itatuwanmu su ma a bi su da irin wannan tankaɗe da rairaya. Kafin lokacin, idan jikin ɗanka ya yi zafi, a fara ɗigon jini a yatsa. Cikin kamar minti ashirin sakamako zai fito. In ya nuna zazzaɓin sauro, a sha maganin daidai nauyin yaro, a ƙarasa duka shidan ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu. In kuwa yana jijjiga, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya kasa sha ko kama nono, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, to ƙwaya ma ba ta isa ba. A kai shi asibiti a wannan sa'ar, allura yake bukata.