Tumatirinmu Na Ruɓewa A Hanya



Tun ina firamare nake bin Baba kasuwar Shasha. Mota takan taso daga Kadawa ko Ɗanja shaƙe da kwandunan tumatir, ta kwana biyu a hanya, wani zubin uku, in masu shinge sun riƙe ta. Kafin a sauke, na ƙasa ya koma ruwa, a sayar da shi a wulaƙance. Manomi da dillali ke kwana ciki.

Ita kuwa gwamnati kullum zancenta taki da bashi. A 2015 Buhari ya ƙaddamar da bashin manoman shinkafa a Kebbi, to madalla. Amma wa ke tuna amfanin gona bayan ya bar gona? Ga tashar jirgin ƙasa ta Moniya nan kusa da mu tun 2021, sabon layin kuwa a nan ya tsaya, bai kai Kano ba.

Ni dai a ganina, ɗakin sanyi ɗaya a Shasha ya fi mana taron raba taki goma. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, Baba ya rage lodi, wai gara kaɗan da ya iso lafiya.