Gadarif: Masu ɗaukar bokiti ranar gobara na neman kujera ranar rabo

Da zarar damina ta ɗauke a jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha, sai fargabar gobara ta maye gurbin ta ambaliya. Yankin ya yi suna wajen noman dawa da riɗi, kuma a ƙauyuka da unguwannin gefen birni jama'a da dama na zaune ne a bukkokin ciyawa masu dangar kara. Idan iskar rani ta taso, garwashi ɗaya ya isa ya cinye unguwa har da rumbunanta.

A hukumance, kashe gobara aikin rundunar kare farar hula ce da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida. Sai dai motocin kwana-kwana a manyan garuruwa suke, kuma kafin su isa ƙauye wuta ta gama abin da za ta yi. Matasan unguwa ne ke rugawa da bokiti da shebur, su watsa ƙasa, su rushe danga don datse wutar. 'Yan Sudan na kiran wannan taimakekeniya nafir, abin da Bahaushe ya sani da gayya.

Siyasa na shigowa ne bayan wuta ta mutu. Dole wani ya rubuta sunayen waɗanda suka yi asara, ya kai wa ƙaramar hukuma, da ofishin zakka, da ƙungiyoyin agaji. Wanda ke riƙe da wannan takarda shi ke tantance gidan da zai samu tanti da buhun dawa. A ƙasar da rabonta da babban zaɓe tun 2015, inda naɗa gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi ake yi, wannan ba ƙaramin iko ba ne.

An daɗe ana ja-in-ja a kan wannan iko. A zamanin Omar al-Bashir, kwamitocin unguwa da ake kira lijan sha'abiyya ne ke riƙe da shi, kuma galibi magoya bayan jam'iyya mai mulki ne. Gadarif na cikin garuruwan farko da suka yi bore a watan Disamban 2018, kuma bayan faɗuwar gwamnatin a Afrilun 2019, matasan kwamitocin gwagwarmaya suka karɓi hidimar unguwanni. Bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin sojoji da dakarun RSF a ranar 15 ga Afrilun 2023, irin waɗannan matasa suka kafa cibiyoyin agajin gaggawa, suka tarbi ɗimbin mutanen da suka tsere daga Wad Madani a ƙarshen 2023 da kuma Sinja a tsakiyar 2024. Amma a watan Janairun 2024 hukumomi suka rusa kwamitocin unguwannin, aka ce a maye gurbinsu da na naɗi. Aikin gayya ya ci gaba, takardar suna kuwa ta koma wani hannun.

Ga Hausawan Gadarif, lamarin ya fi zafi. Kakanninsu sun zo ta hanyar aikin Hajji, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna suna noma da su a bakin koguna. Duk da haka, tsarin sarautun gargajiya na Sudan, daga nazir zuwa umda da shehu, ya ɗaure wakilci da mallakar ƙasa ta asali. Neman sarauta irin wannan na cikin abin da ya haddasa rikicin jihar Blue Nile a Yulin 2022, wanda ya sa Hausawa suka yi zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Khartoum. Al'ummar da ba ta da mai magana a zauren rabo, sunanta kan zo a ƙarshen takarda.

Shi ya sa aikin sa kai yake da daraja ta musamman a wajensu. Ranar gobara ba a tambayar kowa ƙabilarsa kafin a miƙa masa bokiti, kuma matashin da aka gani yana fitar da yaran maƙwabci daga bukka ya samu shaidar da ba ta buƙatar hatimin kowa. Hatsarin shi ne a tsaya nan, ana yabon ƙoƙarinsu amma ana yanke shawara ba da su ba.

Darasin ya shafi zangon Kumasi da unguwannin Hausawa a Garwa da Njamena. Matasan da ke fita ranar gobara su haɗa kai da maƙwabtansu na sauran ƙabilu, su nemi horo daga 'yan kwana-kwana, su ajiye nasu lissafin asara a fili inda kowa zai gani, sannan su nemi gurbi a kwamitin unguwa da sunan wannan aikin. A Gadarif, rani mai zuwa zai nuna ko kwamitocin naɗi za su buɗe musu ƙofa.