Waɗanda Alƙali Bai Kira Ba

A ranar 4 ga Satumba, 2025, wata kotu a Talahasi, babban birnin jihar Filorida ta Amurka, ta sami Donna Adelson, dattijuwa mai shekara 75, da laifin kitsa kisan tsohon mijin 'yarta. A watan da ya biyo baya aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Ita ce ta biyar da aka ɗaure a kan jinin mutum guda. Tushen rigimar kuwa tambaya ce da alƙalan Anka da Gummi da Bukkuyum suka saba ji: aure ya mutu, to a hannun wa yara za su zauna, kuma a wane gari?

Mamacin, Daniel Markel, farfesan shari'a ne a jami'ar jihar, haifaffen Kanada. A 2012 matarsa Wendi ta kwashe kayanta da 'ya'yansu maza biyu yana can wajen tafiya, ta shigar da ƙarar rabuwa. Aka raba auren a 2013, aka kuma raba musu riƙon yaran daidai wa daida. Tun kafin a raba auren ta nemi izinin komawa da su yankin Mayami, inda iyayenta suke, tafiyar fiye da kilomita 700. Dokar Filorida ba ta yarda ɗaya daga cikin iyaye ya ƙaura da yaro nisan mil 50 ko fiye ba, sai da amincewar ɗayan ko ta kotu. Markel ya ƙi, kotu ta ba shi gaskiya.

A takarda, magana ta ƙare a nan. A gidan Adelson kuwa lokacin ta fara. Saƙonnin imel da aka karanta a kotu sun nuna yadda Donna ta riƙa zuga 'yarta: a yi wa Markel tayin dala miliyan ɗaya ya saki yaran, in ya ƙi a tsorata shi da cewa za a mayar da su Kirista, shi da yake Bayahude mai riƙo da addininsa. Shi ma bai zauna ba. A farkon 2014 ya roƙi kotu ta hana kakar keɓewa da yaran, domin a cewarsa tana ɓata shi a wurinsu. Ba a kai ga sauraron roƙon ba. Ranar 18 ga Yuli, 2014, ya kai yaran makarantar reno, ya biya wurin motsa jiki, ya dawo gida. Yana cikin motarsa a gareji aka harbe shi a ka. Washegari ya cika, yana da shekara 41.

Sai da aka yi kusan shekara biyu kafin a kama kowa. Masu bincike sun bi sawun wata motar haya da aka tuƙo daga Mayami, ta hanyar kyamarorin motocin safa da bayanan wayar salula, har suka kai ga mutum biyu: Sigfredo Garcia, wanda ya yi harbin, da Luis Rivera, jigo a wata ƙungiyar 'yan daba. Rivera ya amsa laifi, ya ba da shaida, aka ba shi shekara 19. Daga nan zaren ya warware. Uwar 'ya'yan Garcia, Katherine Magbanua, budurwar Charlie Adelson ce a lokacin, wato wan Wendi, likitan haƙori mai abin hannu. Kuɗin aikin dala 100,000 ne. Bayan kisan aka saka Magbanua cikin masu karɓar albashi a asibitin haƙoran gidan, Donna ke sa hannu a takardun biyan. An sami Garcia da laifi a 2019, Magbanua a 2022, Charlie a Nuwamba 2023. Mako guda bayan hukuncin ɗanta aka kama Donna a filin jirgin Mayami da tikitin zuwa Biyetnam, babu na dawowa. Ita Wendi, har zuwa shari'ar uwarta ba a tuhume ta da komai ba, kuma ta sha musanta cewa tana da masaniya.

Ka dubi jerin waɗanda aka ɗaure, mai karatu. Cikin mutum biyun da suka tsaya gaban alƙali a 2013, ɗaya yana kabari, ɗaya tana waje. Waɗanda suka shirya kisan, kaka da kawu, ba su cikin ƙarar, ba wanda ya aika musu sammaci, hukuncin bai ambaci wani abu da ya rataya a wuyansu ba. Alƙali ya yi shari'a tsakanin mutum biyu, alhali gidaje biyu ne ke yaƙi. Wannan ne ya sa nake ganin labarin ya fi kusa da mu fiye da yadda nisan Filorida ke nunawa, domin a ƙasar Hausa ba a taɓa yin rigimar riƙon ɗa tsakanin mutum biyu kawai ba. Mace tana tsaye gaban alƙali, uwarta na zaune a gindin bishiyar ƙofar kotu. Namiji yana magana, amma kalmomin na yayarsa ne ko na gyatumarsa. Sau da yawa su biyun sun gaji, da an bar su da sun daidaita; masu ingiza mai kantu ruwa ne ba su gaji ba.

Abin sha'awa, fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi ya san da waɗannan mutane, har ya ba kowannensu matsayi. A Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, riƙon yaro bayan saki na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu, ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo ya koma wa uwarta, sannan kakarta, sannan 'yar'uwarta. Sai an ƙare wannan layi ake tsallakawa ɗakin uba, a can ma uwar uba tana gabansa. Uba kuwa ba a kore shi ba: ci da sha da sutura a kansa suke, shi ke da walicci, shi ke lura da tarbiyya da karatu, yaro ya je wurinsa da rana ya koma ya kwana wajen mai riƙo. Malamai sun raba riƙo da walicci, suka ba mutum biyu, don kada wani ya tashi da komai wani ya tashi hannu rabbana.

Akwai ƙissa a Muwaɗɗa Malik da ta dace da wannan wuri. Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya bayan ta haifa masa Asim. Wata rana ya je Ƙuba, ya tarar da yaron yana wasa, ya ɗora shi bisa dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar. Halifa ya ce a bar mata yaron, Umar kuwa bai mayar da magana ba. Kaka ce a nan, kaka ce a Filorida. Wannan ta kai kukanta inda ake kai kuka, wanda aka kayar kuma ya haɗiye, duk da kasancewarsa Umar.

Al'adarmu ta bi wata hanya dabam, kuma kowa ya sani. Ana cewa ɗa na uba ne. Da an yaye yaro, ko ya ɗan tasa, sai a aiko a ɗauke shi, a kai shi hannun matar uba ko wata gwaggo. Uwar da ta nace sai a ce tana son a kira ɗan mutane agola. Da yawa ba su ma san shari'a tana gefensu ba, waɗanda suka sani kuma suna lissafi: in na riƙe shi, wa zai ciyar, tunda uban ya rantse ba zai aiko da ko ƙwayar gero ba? Ta wannan ƙofa haƙƙin da littafi ya ba ta yake sulalewa ba tare da wani alƙali ya soke shi ba. Haka nan in uwa ce ta yi nasara, danginta kan mayar da hukuncin katanga: uba ya zo gani a ce yaro yana barci, ya aiko da kayan salla a mayar masa. Kowane ɓangare ya fahimci riƙo a matsayin mallaka, wanda ya rasa kuwa ya rasa har da sallama. Mutumin da aka nuna wa ba shi da sauran rabo, shi ne abin tsoro.

A yammacin Zamfara akwai abin da ke ƙara wa lamarin nauyi. Tungar Daji tana cikin ƙauyukan da gubar dalma ta afka wa a 2010, tare da Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da sauransu, annobar da ta ci yara aƙalla 400. Mutanen da suka binne 'ya'ya haka ba sa buƙatar a gaya musu darajar wanda ya rage. Bayan guba sai bindiga. A farkon Janairu 2022 kaɗai, hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun kashe mutanen da mazauna yankin suka ƙiyasta da kusan 200. Kowane magidanci da aka kashe ya bar tambayar riƙo a bayansa, ba kuma tsakanin miji da mata ba, tsakanin matar mamaci da 'yan'uwansa. Inda makami ya yawaita, hanyar zuwa kotu kuma ta zama kasada, abin da gidan Adelson suka kashe dala 100,000 suka yi hayarsa daga nesa ba ya buƙatar dukiya ko doguwar tafiya.

Batun ƙaura ma, wanda shi ne asalin rigimar Filorida, yana nan a littattafanmu da awonsa. A Muhtasar, in waliyyin yaro ko mai riƙonsa zai tashi ya koma wani gari da zama, nisan baridi shida, wato mil 72 a lissafin malamai, hukuncin riƙo yana canzawa: mai riƙon da ta ƙaura ta rasa shi, waliyyin da ya ƙaura kuma yana iya tafiya da yaron, muddin hanya da garin da za a je suna da aminci. An tsara wannan ne don mutumin da ya zaɓi tashi. Matar da ta goya ɗa ta ja biyu cikin dare ta bar ƙauye, ta tsinci kanta a Gusau ko Sakkwato, ba ta zaɓi komai ba. In dangin uba suka zo suka ce ta yi tafiyar da ke zubar da riƙo, alƙalin da ya auna nisa kawai ya bi lafazi ya saki manufa, domin sharaɗin aminci da malaman suka gindaya ya nuna tsiran yaron suka sa a gaba. A ganina gudun hijira bai kamata ya zubar da riƙon kowa ba, uwa ce ko uba.

Kayan aikin gyara suna nan. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 277, ya ba kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a hurumi a kan riƙon ƙananan yara. Zamfara ce ta fara faɗaɗa aiki da shari'a a 2000, ta kuma yi dokar kare yara a 2022. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Hukuncin riƙo kada ya tsaya a kan sunan wanda aka ba. A rubuta rabon wanda ba a ba ba: ranar da zai ga ɗansa, inda za a haɗu, hutun makaranta, salla ƙarama a ina, babba a ina, nawa ne kuɗin ciyarwa kuma wa zai kai. Sannan alƙali ya kira waɗanda ke gindin bishiya. Kaka da kawu da baffa su shigo, a karanta hukuncin a kunnensu, a tambaye su ko sun ji, a rubuta sunayensu a matsayin masu lamuni, a aika kwafi ga hakimi ko dagaci. In kuma wani ya ce an yi masa barazana, kada a ce zafin rabuwa ne zai wuce. Roƙon Markel game da surukarsa yana kan layi yana jiran rana lokacin da aka harbe shi.

Za a ce shigo da dangi zai ƙara hura wutar, a mayar da ƙaramar kotu dandalin cacar baki. Akwai gaskiya a ciki, kuma wani zaman zai lalace saboda haka. Amma dangin nan suna cikin shari'ar tun farko, sai dai ba a ganinsu, ba kuma abin da ke kansu. Wanda ya amsa a gaban alƙali da hakimi cewa ya ji, ya san in wani abu ya sami ɗaya ɓangaren ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Mai zuga daga ɗaki ba ya ɗauke da wannan nauyi.

Yaran Markel ba su kai shekara shida ba lokacin da aka kashe ubansu. Cikin 'yan kwanaki aka koma da su Mayami, daga baya aka sauya musu sunan mahaifi zuwa Adelson. A fiƙihunmu 'ya'yan mamaci maza ne a sahun gaba na masu haƙƙin jini, wato da a nan ne, su za su girma su tarar suna bin kawunsu da kakarsu jinin ubansu. Iyayen Markel, Ruth da Phil, sun yi kusan shekara shida ba su sa jikokin a ido ba, domin dokar Filorida ba ta ba kakanni wata ƙofa mai faɗi ba. Fafutukarsu ce ta haifar da dokar da ake kira da sunan ɗansu a 2022, wadda ta sauƙaƙa wa kakanni neman ziyara in kotu ta ɗora wa ɗaya daga cikin iyaye alhakin mutuwar ɗayan. Su kansu ba ta hau kansu kai tsaye ba, tunda ba a sami uwar yaran da laifi ba.