Kuskure biyar, sifiri: to wa ke duba takardar mushe?

Duk wanda ya zauna bisa bencin lekol a ƙasar Nijar, ko a Birnin Damagaram ne ko a Madawa ko a wata bukkar zana ta ƙauyen Gobir, bai manta dokar dikte ba. Mushe ya karanta, yaro ya rubuta, a ƙidaya kurakurai da jan biro: biyar sun cika, sifiri ya tabbata, babu roƙo babu magiya. Harafi ɗaya da ya ɓace a wutsiyar kalma, wanda ko Bafaranshe ba ya furta shi, ya isa ya sa yaro ya kwana da kuka. Da wannan tsanani aka yi renon ma'aikatan ƙasar nan tun daga zamanin mulkin mallaka, kuma da yawansu har gobe suna alfahari da shi. Abin da ke ci wa uwayen yara tuwo a ƙwarya shi ne, gidan da ya kafa wannan doka bai taɓa yarda a auna shi da mudun da yake auna ɗiyan mutane ba.

A fara da suna, tunda shi ne farkon abin da uba ke ba ɗansa. An yanka rago ran suna, liman ya raɗa Mahamadu. A takardar haihuwa sakatare ya rubuta Mahamadou. Ranar shiga aji na farko, mushe mai rajista, ga yara fiye da ƙima a gabansa ga rana ta take, ya rubuta Mahamane, don haka ya ji ana kiran yaron a unguwa. A aji na huɗu wani ya gajarta shi ya koma Mamane. Shekara shida babu wanda ya lura, domin yaro yana amsawa ko da wanne aka kira shi. Sai ranar da aka haɗa dosiye na jarrabawa, ko ranar da takardar brebe ta fito, ko kuma, abin da ya fi ciwo, ranar da saurayi ya kai takardunsa gasar ɗaukar ma'aikata, wani magatakarda ya jera su bisa tebur ya ce masa waɗannan takardu na mutum uku ne. Haka ake yi da Abdu da Abdul, da Hadiza da Hadizatu, da sunan uba da aka sa a gurbin na kaka. Shekarar haihuwa kuwa, a ƙasar da ɗimbin yara ba su da takarda sai wadda alƙali ya bayar daga baya, lamba ɗaya da ta karkace tana iya tsofar da yarinya da shekara biyu a ce ta wuce ƙa'idar shiga koleji.

Gyaran wannan kuskure da aka yi cikin daƙiƙa ɗaya shi ke cin watanni. Uba ya rufe rumfarsa a kasuwa ya je wurin darakta, darakta ya ce rajista ta tafi wurin insipekta, insipekta ya ce sai a babban ofishin jiha, can kuma a ce masa takardar da ta riga ta fito ba ta gyaruwa sai a Yamai. Daga Damagaram zuwa Yamai tafiya ce ta kusan kilomita 900. Kuɗin mota, kuɗin tambur, kuɗin kwafin da za a buga wa hatimi, masauki wurin dangi, da ciniki na kwanakin da rumfa ta yi a rufe, duka bisa wuyan mutumin da bai rubuta ko harafi ɗaya a cikin takardar ba. Wanda ya yi kuskuren ko sannu ba ya cewa, sau da yawa ma an daɗe da canza masa wurin aiki.

Sai maganar maki. A nan ne ake raina hankalin ɗan kasuwa, kuma a nan ne aka fi kuskuren raina shi. Alhajin da ke sayo kaya a Jibiya ko Kano yana juya naira zuwa sefa a ka, kafin mai na'ura ya gama danna maɓalli, ba ya jin Faransanci amma lissafi ba a yi masa rufa-rufa a cikinsa. A ɗauka yaro ya samu 14 bisa 20 a lissafi, mai kwafe maki ya rubuta 04. Idan darasin ana ninka shi sau 3, yaro ya yi asarar maki 30. Idan jimillar ninkin darussa 15 ce, mwayen ɗinsa ya faɗo da maki 2 cur: mai 11 ya koma mai 9. Tsakanin 11 da 9 akwai wucewa aji da maimaita shi, kuma ga yaron da ya taɓa maimaitawa akwai kora. Ga yarinya ƴar ƙauye, korar nan sau da yawa ita ce ƙarshen karatu, don kafin damina ta zagayo an sa ranar aure. Uba ya ɗauki takardar maki, ya sa ɗan maƙwabci ya karanto masa lambobi, ya haɗa da kansa, ya ga ba su haɗu ba. Ya je lekol da ladabi, ya cire takalmi a bakin ofis, ya ce: «Mushe, a duba mini lissafin nan.» Amsar da ya fi samu ita ce an riga an rufe, majalisar malamai ta zauna, ba a komawa baya. Idan ya nemi a nuna masa takardar da yaron ya rubuta, sai a ce ba a san inda take ba. Su kuwa masu tuya da masu gyaɗa na bakin lekol sun san inda tsofaffin takardun jarrabawa ke ƙarewa.

Ma'aikacin gwamnati, wanda ya iya karanta komi da kansa, shi ma bai tsira ba, sai dai damuwarsa ta wani fanni ce. Da dare yana buɗe kayen ɗansa ya tarar da jimlar da aka kwafo daga allo da kuskure a cikinta, an kuma sa hannu da jan biro an rubuta «Vu». Ya gyara wa yaro, yaro ya ƙi, ya ce ba haka madam ta rubuta ba. Ya rasa ta cewa: in ya nace, ya karya darajar malama a idon ɗansa, in ya yi shiru, ya bar ɗansa ya haddace ɓata. In kuma ya taka zuwa lekol, ya san abin da ke biyo baya, domin a gari kamar Tawa ko Tasawa kowa ya san kowa, kuma yaron da ubansa ya zo ya yi wa malama gyara yakan ga canji a fuska har ƙarshen shekara. Saboda haka da yawa suke haɗiye maganar, su matse cikin albashi su biya mai koyarwa na gida, ko su cire yaro su kai makarantar kuɗi. Talakan da ba shi da wannan hali sai ya bar wa Allah.

Adalci ne a tambayi yadda aka kai ga haka, don malamin da ke kuskure a allo ba daga sama ya faɗo ba. Shekarar karatu ta 1989 zuwa 1990, wadda a cikinta aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, ta tafi a banza. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin kowa amma bai cika baitulmali ba. Cikin shekarun da suka biyo baya ma'aikata sun yi ta bin gwamnati bashin albashi na watanni, yajin aiki ya zama ruwan dare, sa'an nan a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Yaran da suka yi firamare da koleji a waɗannan shekaru na rabin karatu, su ne aka ɗiba daga ƙarshen shekarun 1990 aka tura aji da sunan ƴan sa-kai, daga baya aka sake musu suna ƴan kwantaragi, da yawansu ba su taɓa zama a makarantar horon malamai ba, ladansu kuma bai kai na cikakken ma'aikaci ba, ga shi ba ya zuwa kan lokaci. Gwamnati da masu ba ta rance suna son lambobi: aji nawa aka buɗe, yara nawa aka rubuta. Lambobin sun hau, ba musu. Amma binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƙasashe goma na Afirka masu aiki da Faransanci, ya sa Nijar a ƙarshe, inda ko yaro ɗaya cikin goma na ajin ƙarshe na firamare bai kai matakin da ake bukata a karatu ba. A 2017 ma'aikatar ilimin firamare, ƙarƙashin minista Dauda Mamadu Marte, ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, ƙungiyoyin malamai suka yi ta adawa da ita, sakamako ya nuna kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya samu rabin maki, aka kuma sallami dubbai. Uwaye ba su yi mamaki ba. Abin da jarrabawar ta fallasa sun daɗe suna ganinsa a kayen yaransu.

Wannan tarihi uzuri ne ga malamin da aka jefa aji ba horo, yara sun cika bukka har waje, ba littafin jagora, cikinsa kuma ba komi. Amma ba ya zama uzuri ga daraktan da aka nuna masa lissafi a fili ya ƙi ɗaukar biro, ko ga sakataren da ya ɓatar da dosiye ya ce yaro ne bai kawo ba. Gyara 04 ya koma 14 ba ya bukatar rancen Bankin Duniya. Abin da ke hana shi girman kai ne da aka gada daga lekol ta Nasara, wadda ta ɗauki uba jahili ne da aka ƙwace ɗansa don a wayar, wadda ta rataya wa yaro alamar kunya a wuya in ya yi Hausa a fili. Har yanzu akwai ofisoshin da uba zai yi magana da Hausa a amsa masa da Faransanci, alhali mai amsawar da Hausa ya yi cinikin cefane da safe. Sa'an nan ga zumuncin ƴan sana'a ɗaya: insipekta tsohon darakta ne, darakta tsohon mushe ne, ƙarar da ta hau sama hannun abokin wanda ake ƙara take faɗawa. Ƙungiyoyin malamai, tun daga SNEN har zuwa waɗanda suka biyo bayanta, sun yi gwagwarmaya ta gaskiya a kan albashi da mutuncin malami, kuma ƙasa ta amfana da ita. Da sun sa ko kaɗan daga wannan ƙarfi wajen tsawata wa nasu in ya yi sakaci, da uwaye sun fi tsaya musu ranar yajin aiki.

Su ma uwaye akwai nasu kason. Uban da ya je ya rage wa ɗansa shekaru don ya samu shiga, shi ya fara dagula takardu da hannunsa. Wanda bai taɓa taka lekol ba tun ranar da ya kai yaro, sai ranar da aka koro shi, ya zo a makare. Akwai kuma mai zuwa da ambulan a aljihu yana neman a mai da 07 ta koma 17, kuma irinsa ne ya ba malamai hujjar zargin duk wanda ya zo neman gyara. Ƙungiyar uwayen yara da kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, an kafa su ne don su zama bakin jama'a, amma a wurare da yawa aikinsu ya tsaya ga tara kuɗin zana da alli, shugabansu kuma wani dattijo ne da darakta ya zaɓa don ba ya musu.

Dokar ilimi ta 1998 ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, ta kuma sa uwaye cikin masu ruwa da tsaki. Haƙƙin da ba shi da ƙofar kai kuka kuwa sunansa kawai ake ji. Abin da ake bukata ba shi da tsada. A mayar wa kowane yaro takardar da ya rubuta bayan an gyara, ta kwana a gida, uba ya gani. A ba da mako guda tsakanin fitar maki da zaman majalisar malamai, wanda ya ga kuskure ya kawo, a rubuta kokensa a littafi mai lamba a ba shi shaida, don kada gobe a ce bai zo ba. Kuskuren da aka tabbatar daga lekol ya fito, lekol ta ɗauki nauyin bin takardar har Yamai, uba ya zauna a rumfarsa. Game da suna kuma, kafin a aika jerin ƴan jarrabawa, a kira uwaye a farfajiyar makaranta, a karanta sunan kowane yaro da na ubansa da shekararsa da babbar murya, da Hausa ko Zabarmanci ko harshen da garin ke ji, a gwada da takardar haihuwa, uba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A lekol mai ajin ƙarshe guda ɗaya, wannan aiki ba zai wuce daga hantsi zuwa azahar ba, kuma daraktan da ya ga dama yana iya fara shi bana ba tare da ya jira takarda daga minista ba.