Ruwan alwala da ƙishirwar kare

 

Tun da ɓarayin daji suka addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, barci ya ƙaurace wa idanun manoma daga Funtuwa har Malumfashi. Magidanta da dama waɗanda a da ko inuwar kare ba su so a ƙofar gidansu, yau sun nemo kwikwiyo sun ɗaure kusa da turken shanu ko bayan rumbu, domin haushinsa da tsakar dare kan ba mutum damar tada iyalinsa kafin ɓarna ta iso. Ba mu ga laifin kowa a kan haka ba. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa mawallafinta, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron maƙiya. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi ajiye kare a cikin gida, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, zaki ma da ya ajiye.

Abin da ya dame mu shi ne halin da wannan mai gadi yake kwana a ciki da rana. Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, zafi a wannan yanki kan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. A irin wannan rana za ka shiga gida ka tarar an kai awaki ƙarƙashin darbejiya, an cika wa shanu kwatarniya, kaji ma an zuba musu ruwa a kasko, amma kwikwiyo yana ɗaure da guntuwar sarƙa a fili, inda inuwar safe ta gushe tun hantsi. Ya zaro harshe, yana tona ƙasa da dagi ko zai sami wuri mai sanyi ya kifa cikinsa. In ka yi magana, amsar guda ce: ai kare ne. Wani ma ya ƙara da cewa najasa ne, kamar dai addini ne ya umarce shi da wannan sakaci.

To, bari mu koma ga littattafan da muke karantawa a zaurukanmu, mu ga ko haka suka ce.

A babin taimama, Mukhtasar na Shehu Halil ya lissafa dalilan da ke halatta wa mutum barin ruwa ya koma ga ƙasa. Daga cikinsu akwai tsoron ƙishirwar wani rai mai alfarma da yake tare da shi. Da masu sharhi irin su Shehu Dardir suka zo fayyace wane ne wannan mai alfarma, sai suka ambaci mutum, suka ambaci dabba, suka kuma ambaci karen da shari'a ta yi izinin ajiyewa. Ma'anar wannan a fili take. Manomi yana gona mai nisa, azahar ta yi, ruwan da ke gorarsa bai wuce na alwala ba, ga karensa na gadi ƙishirwa na neman halaka shi. Hukuncin mazhabarmu shi ne ya shayar da karen, shi kuwa ya bugi ƙasa ya yi sallarsa, kuma sallar ta inganta. Ɗalibai nawa ne suka haddace wannan wuri, suka fassara shi a gaban malam, sa'annan suka koma gida suka tsallake kwikwiyo yana haki a rana ba tare da karatun ya faɗo musu a rai ba?

Batun najasa kuwa, mashhurin zance a wurin Malikawa shi ne duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da kare, haka ma yawunsa da guminsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a cikinta, wanda ya tabbata a hadisi, sun ɗauke shi a matsayin bauta da bin umarni, ba don ruwan ya zama najasa ba. Shafi'awa da Hambalawa sun saɓa, suna ganin najasa ce mai kauri, kuma ruwayar Muslim ta ambaci haɗawa da ƙasa a wankin. Muna girmama wannan saɓani, kuma mun san da yawa daga matasanmu a yau sun fi karkata ga ra'ayi na biyu. Sai dai ko a kan wanne mutum ya tsaya, hadisin yana magana ne a kan yadda za a wanke mazubi. Babu malami ɗaya a mazhabobin nan huɗu da ya fahimci cewa a hana kare ruwa. Maganin abin ma mai sauƙi ne: a ware masa kaskonsa, kada ya haɗa da na mutane.

Kowa ya san hadisin Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, da Bukhari da Muslim suka fitar, na matafiyin da ƙishirwa ta kama ya sauka rijiya ya sha, da ya fito ya tarar da kare yana lasar danshin ƙasa. Ya koma cikin rijiyar, ya cika huffinsa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Abin lura a nan, karen ba nasa ba ne. Bai yi masa gadi ba, bai kamo masa zomo ba. Akwai kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Laifinta tsarewa ne tare da hanawa. Duk wanda ya ɗaura wa kare sarƙa ya sani ya hana shi neman inuwa da ruwa da kansa, don haka nauyin duka biyun ya koma wuyansa.

Wani ɓangare na wannan sakaci rashin sani ne. Mutum da doki suna gumi ta fata, iska ta busa jiki ya huce. Kare ba haka aka halicce shi ba. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafafunsa ne, bai kuwa taka kara ya karya ba. Babbar hanyarsa ta fitar da zafi ita ce haki, wato danshin harshe da maƙogwaro yana tashi da numfashi, kuma wannan aiki ruwan jikinsa yake ci. Da ma zafin jikinsa ya ɗara namu, yana tsakanin digiri 38 da 39. Idan ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa na iya lalacewa cikin ɗan lokaci. Kwikwiyo da ƙaramin kare ma suna shiga uku, domin jikinsu dab yake da ƙasa mai turiri, ruwan jikinsu kuma ba ya jimawa yake ƙarewa. Karnukan ƙasashen waje masu yawan gashi ko gajeren hanci, waɗanda wasu masu hali suka fara sayowa, sun fi namu na gida rauni nesa ba kusa ba. Ajiye kare don ado kawai ba ya cikin abin da hadisi ya yi rangwame a kai, wato farauta da kiwo da noma, da gadi da malamai suka riskar da shi. Amma wanda ya riga ya ajiye, kuskurensa na farko bai sauke masa haƙƙin ciyarwa da shayarwa ba.

Abin da ake bukata bai kai kuɗin buhun taki ba. Rumfar kara ko ta zana wadda iska ke ratsawa ta fi akurkin kwano, domin kwano a bazara tanda ne. A lura da yadda inuwa ke juyawa, wurin da yake da sanyi da safe shi ne rana ke duka da la'asar. Kaskon ruwa ya zama mai nauyi wanda ba zai kife ba, a ajiye shi a inuwa, a duba shi da azahar kamar yadda ake duba na kaji. A yayyafa ruwa a ƙasan da yake kwanciya. Kada yara su ja shi a kan kwalta ko rairayi da tsakar rana. In babba ba zai iya tsayawa a wurin ba takalmi ba, dagin kwikwiyo ma ƙonewa yake. Mafarautanmu kuma, da suke cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, su tuna karen bana bai san iyakar ƙarfinsa ba, zai bi zomo har ya faɗi. Su fita da sassafe, su riƙa masa gora kamar yadda suke riƙa wa kansu, su daina cusa karnuka a bayan mota a rufe.

Akwai wani abu da ya kamata iyaye su fahimta sosai. Karen da zafi ya buge yakan yi haki mai tsanani, yawu mai kauri ya dalalo, dasashinsa ya yi ja wur, ya riƙa tangaɗi, wani lokaci ya yi amai ko ya zube. Idon da bai sani ba zai ce mahaukacin kare ne, kuma mun san abin da ke biyo bayan wannan kalma a unguwa: yara da duwatsu. Ciwon haukan kare gaskiya ne, yana nan a ƙasarmu, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tsira. Saboda haka baƙon karen da ba a sani ba, kada yaro ya kusance shi, a kira manya. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na kimanin minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Amma karenka na gida, wanda ka san lafiya lau ya tashi da safe, ka kuma san a rana ya yini, kai shi inuwa nan take. Kwarara masa ruwan randa a wuya da ciki da cinyoyi, ka yi masa fifita. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, domin yana riƙe zafin ne, kada kuma ka ɗura masa ruwa a baki, ka bari ya sha da kansa kaɗan-kaɗan. Daga nan ka nemi likitan dabbobi ko da ya miƙe, tun da ɓarnar cikin jiki kan ɓuya kwana ɗaya ko biyu.

Allurar rigakafin haukan kare ita ce ke raba mai gida da wannan shakka tun farko. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa ta, ana kuma fara yi wa kwikwiyo idan ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa kamar yadda likita ya tsara. Wanda ya yi wa karensa ya kare 'ya'yansa da na maƙwabta.

Muna roƙon limamanmu na Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur, idan bazara ta kama suna huɗuba a kan falalar shayar da ruwa, su ambaci kare da sunansa kamar yadda hadisi ya ambace shi. Malaman Islamiyya da na zaure kuma, idan karatu ya kawo babin taimama, su tsaya a kan wannan mas'ala, su tambayi ɗalibi ko akwai kare a gidansu, da kuma wanda aka ɗora wa alhakin cika masa kasko.